Sinadarin da Ba Ya Ruɓewa da Makomar Rafukan Kumasi

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki kwalbar sabulun ruwa ko ta man shafawa ko ta shamfu a kasuwar Kejetia, ya juya bayanta ya karanta jerin kayan haɗin, sau da yawa zai ci karo da wasu haruffa huɗu a kusa da ƙarshen jerin: EDTA. Masu saye ba su damu da su ba, masu sayarwa ma haka. Hatta matan da ke haɗa sabulun ruwa a gidajensu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, waɗanda kan sayo farin garin a ƙulle cikin leda, abin da akasari aka gaya musu shi ne yana gyara sabulu, yana hana shi lalacewa. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a gaya musu ba shi ne inda garin yake zuwa bayan an yi wanki an zubar da ruwan a kwata.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da masana'antun ƙasar Gana, manya da ƙanana, za su fara janye hannu daga EDTA da danginsa marasa ruɓewa a duk aikin da ruwansa ke ƙarewa a rafi, su koma ga sinadaran da ke yin aikin sannan su ruɓe. Mazauna Zangon Kumasi suna da haƙƙin shiga wannan magana, domin gidajensu na bakin rafin da ke ɗaukar dattin, kuma da yawa daga cikinsu da sana'ar sabulu suke ci.

Mene ne madamƙi?

Ruwan da ake gani garau ba shi kaɗai yake ba. A cikinsa akwai narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam da magnisiyam da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kashe kumfar sabulu, su bar farin ɓawo a cikin buta da bututu, su sa mai ya yi ɗoyi kafin lokacinsa, su ɓata launin rini. Masu ilimin sinadarai sun gano cewa akwai wasu sinadarai da ke iya kama ƙwayar ƙarfe ta fuskoki da dama a lokaci guda, su riƙe ta gam, har ta kasa yin ɓarnar da ta saba. A shekarar 1920 wasu masana biyu na Ingila, Gilbert Morgan da Harry Drew, suka raɗa wa irin wannan kamu suna daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa, saboda yadda ƙaguwa ke matse abu tsakanin yatsunta.

Bahaushe ba ya bukatar aron wannan suna. Yana da kalmar aiki "damƙe", yana kuma da tsarin gina sunan kayan aiki da ɗafa-goshin "ma-", kamar yadda aka samu mabuɗi daga buɗe da magirbi daga girbe. Saboda haka a nan za a kira irin wannan sinadari madamƙi, jam'insa madamƙai. Wanda ya taɓa ganin maƙeri ya ciro jan ƙarfe daga wuta da awartaki ya riga ya fahimci aikin. Bambancin kawai shi ne awartaki baki biyu gare shi, EDTA kuwa shida: biyu na naitirojin, huɗu na oksijin, yana naɗe ƙwayar ƙarfen ta kowane ɓangare.

Madamƙai ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe. Macen da ta goge tukunyar tagulla da tsamiya ko lemon tsami har ta yi ƙyalli, madamƙai ta yi aiki da su, domin asid ɗin da ke cikin tsamiya da na lemo suna kama tsatsar ƙarfe su narkar da ita cikin ruwa. Majemin da ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa ya san cewa idan baƙin ƙarfe ya taɓa ruwan sai ya yi baƙi ƙirin, kuma da wannan dabara dukawa ke samun baƙin launi. Duk waɗannan daga tsiro suka fito, kuma idan an zubar da su ƙasa takan cinye su.

Yadda EDTA ya samu gindin zama

A shekarar 1935 wani masani mai suna Ferdinand Münz, wanda ke aiki da kamfanin IG Farben a Jamus, ya haɗa EDTA. Abin da yake nema shi ne abin da zai maye gurbin asid ɗin lemon tsami a masana'antar rini da saƙa, domin a lokacin Jamus tana ƙoƙarin rage dogaro da kayan da ake shigowa da su daga waje. Ya samu abin da ya fi wanda yake nema ƙarfi nesa ba kusa ba. EDTA yana jure zafi, yana jure ruwan toka mai kaifi, yana kama kusan kowane irin ƙarfe, ga shi kuma da araha idan an sarrafa shi da yawa.

Cikin 'yan shekaru ya bazu. Masana'antun takarda suna zuba shi, tare da ɗan'uwansa DTPA, don kada ƙarfe ya lalata sinadarin da ke faranta takarda. Kamfanonin lemon kwalba da na madara suna wanke tankuna da bututu da ruwan wankin da ke ɗauke da shi. Yana cikin sabulu da man shafawa, da takin zamani mai ɗauke da baƙin ƙarfe da tutiya, da wasu abincin gwangwani. A asibiti, ƙaramar kwalbar ɗibar jini mai murfi ruwan hoda-shuɗi EDTA ne a cikinta, yana damƙe kalsiyam don kada jinin ya daskare kafin a auna shi.

Inda gizo yake saƙar

Ƙarfin da ya sa masana'antu suka so EDTA shi ne aibinsa. Yawancin dattin da ke fita daga gida, kamar ragowar abinci da mai da kumfar sabulun gargajiya, ƙwayoyin bakteriya na ruwa da na ƙasa suna cinye shi su mayar da shi iska da ruwa. EDTA kuwa ƙwayoyin ba sa iya cin sa sai da ƙyar, a yanayi na musamman. Ƙungiyar OECD tana da gwajin da duniya ta amince da shi: a haɗa sinadari da ƙwayoyin bakteriya na tsawon kwana 28, idan kashi 60 cikin 100 ya ruɓe, a ce da shi mai saurin ruɓewa. EDTA ba ya cin wannan jarrabawa. Yakan shiga matatar ruwan datti ta zamani ya fito kusan yadda ya shiga, kuma hanyar da aka saba tace ruwan sha da ita, wato alam da yashi da kulorin, ba ta cire shi sosai. Wannan ya sa aka daɗe ana samun sa a kogunan Turai cikin sinadaran ɗan'adam mafiya yawa a ruwa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa EDTA shi kansa ba guba ce mai tsanani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 0.6 a kowace lita ta ruwan sha, abin da ke nuna cewa ba a ɗauke shi a sahun dalma ko zaiba ba. Damuwar tana ga abin da yake ɗauka ya yi tafiya da shi. A al'ada, ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da nikel idan suka shiga rafi sukan manne wa laka su kwanta a ƙasa. Madamƙin da ba ya ruɓewa yana hana su kwanciya, yana riƙe su a narke, yana kuma iya tayar da wani ɓangare na waɗanda suka riga suka kwanta. Ƙarfen da ke narke shi ne ke tafiya mai nisa, shi ne ke ratsa ƙasa ya kusanci ruwan rijiya, shi ne kuma saiwar shuka ke samu cikin sauƙi. Ko a cikin masana'anta, idan ana son a cire ƙarfe daga ruwan datti ta hanyar zuba masa farar ƙasa don ya kwanta, kasancewar EDTA a ruwan yana ɓata aikin.

Ƙasashen da suka fara ƙera shi su ne suka fara ja da baya. A 1991 gwamnatin Jamus da masana'antun sinadarai na ƙasar suka yi yarjejeniyar rage EDTA da ke shiga ruwayensu da rabi. Tambarin kare muhalli na Tarayyar Turai ba a ba da shi ga sabulun wankin da ke ɗauke da EDTA. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka fitar da ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba, kuma ta goma a cikinsu tana cewa a tsara sinadari tun farko yadda zai ruɓe idan ya gama aikinsa.

Me ya haɗa wannan da Zangon Kumasi?

Kumasi birni ne da aka gina a kan tuddai, rafuka na ratsa kwaruruwansa. Subin ya bi ta tsakiyar gari, Aboabo ya ratsa unguwannin Zango har unguwa ta ci sunansa, ga Sisa ga Wiwi. Dukkansu kudu suka nufa, su zuba a kogin Oda. Oda ya zuba a Offin, Offin ya zuba a Pra, Pra ya shiga teku a Shama. Ƙananan sassa ne kawai na birnin, kamar Asafo, ke da bututun kwashe ruwan datti zuwa matata. A sauran unguwanni, ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke kwata yake bi, kwata kuma rafi take kai shi kai tsaye.

Lakar waɗannan rafuka ba tsarkakakkiya ba ce. Suame Magazine na ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka ta Yamma, inda ake fasa batir, a yi walda, a zubar da baƙin mai. A Dagomba Line, wadda ba ta da nisa da unguwannin Zango, ana farfasa tsofaffin na'urori ana ƙona waya don ciro jan ƙarfe. A Kaase da Ahinsan akwai masana'antu da mayanka. Can ƙasa kuma, a Oda da Offin, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, abin da mutanen Gana ke kira galamsey, sun dagula ruwa sun bar zaiba a ciki. Ke nan an haɗa abubuwa biyu a wuri ɗaya: laka mai ɗauke da ƙarafa masu guba, da sinadarin da aikinsa shi ne ɗaga ƙarfe ya riƙe shi a ruwa.

Wannan ruwa ba wucewa kawai yake yi ba. Masu lambu a gefen birnin da shi suke ban ruwan latas da kabeji da albasa mai lawashi, musamman da rani, lokacin da ruwan rafi ya ja baya, dattin ya fi kauri. Ganyen nan shi ne ke dawowa kasuwa, ya hau kan farantin shinkafa da wake a bakin titi, kuma ɗanye ake cin sa. A Odaso, daga kogin Oda ake ɗibar ruwan da ake tacewa a kai wa mutanen Obuasi. Kumasi tana sha daga madatsun Barekese da Owabi, tana zubar da dattinta ga na ƙasa da ita. Owabi ɗin ma tana karɓar ruwan ƙoramun da ke ratsa unguwannin arewa maso yammacin birnin.

Ɗalibin da ke karatu a Kano ba zai ji wannan labari baƙo ba. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da kuromiyam, ruwansu yana shiga kogin Challawa da rafukan Getsi da Jakara, masu lambu kuma suna ban ruwa da shi. Duk garin da ya tara ƙarfe a lakarsa kuma ba shi da isasshiyar matata, maganar madamƙai marasa ruɓewa ta shafe shi fiye da yadda ta shafi Jamus.

Abin da zai maye gurbi

Ba a rasa madadi ba, kuma ba a ɗakin gwaji kaɗai suke ba, suna kasuwa shekara da shekaru.

Na farko shi ne GLDA, wanda ake ginawa a kan asid ɗin gulutamik. Wannan asid shi ne tushen farin magin da ake zubawa a miya, ana kuma samun sa ta hanyar ciyar da ƙwayoyin bakteriya da sukari ko sitaci. Kamfanin AkzoNobel ya fito da shi kasuwa da sunan Dissolvine GL, yanzu kuma kamfanin Nouryon ke sayar da shi. Yana narkewa sosai a ruwa, abin da ya sa ya dace da sabulun ruwa da shamfu.

Na biyu shi ne MGDA, wanda kamfanin BASF ke sayarwa da sunan Trilon M. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan Tarayyar Turai ta taƙaita fosfet a sabulun wankin tufafi daga 2013, da na injin wanke kwanoni daga 2017. Yana jure zafi da ruwan toka mai kaifi.

Na uku shi ne EDDS, wanda ya ƙware wajen kama jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ko da kalsiyam ya yi yawa a ruwan. Yana da siffofi uku, kuma ɗaya ce kawai, wadda ake haɗawa daga asid ɗin asfatik, take ruɓewa gaba ɗaya da sauri. Mai saye sai ya tambayi wace siffa aka ba shi.

Na huɗu shi ne IDS, wanda kamfanin Bayer ya fitar da sunan Baypure CX, ya kuma ci lambar yabo ta shugaban ƙasar Amurka kan sinadarai masu kare muhalli a 2001. Fifikonsa shi ne ba a bukatar sayanayid wajen haɗa shi, alhali EDTA da shi ake haɗa shi.

Bayan waɗannan akwai tsofaffin hannu: asid ɗin lemon tsami da gishirinsa, da gulukonet da ake samu daga sukari, wanda aka daɗe ana wanke kwalabe da shi a masana'antu domin yana kama baƙin ƙarfe da kyau a ruwan soda. Duka biyun ta hanyar ruɓar da sukari ko sitaci ake samar da su, kuma Gana ƙasar rogo ce. Abin lura ne cewa sinadarin da Münz ya ƙirƙiro EDTA don ya kauce masa shi ne duniya ke komawa gare shi bayan shekara tamanin da ɗoriya.

Hujjojin masu ja

Masu adawa da wannan canji suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da nauyi.

Hujja ta farko ita ce tsada. Sababbin madamƙai sun fi EDTA kuɗi, kuma duka daga waje ake shigo da su da dala, a ƙasar da darajar sidi ke hawa da sauka. Macen da ribarta a kan galan ɗin sabulu ba ta taka kara ta karya ba, ba za a ce mata ta ƙara kuɗin kaya don kare kogin Oda ba tare da an dubi halinta ba. Sai dai madamƙi a sabulun ruwa da man shafawa ɗan mitsitsi ne, yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na haɗin ba. Ko da farashinsa ya ninka, abin da zai ƙaru a kan kwalba guda kaɗan ne. Inda tsadar za ta yi ciwo shi ne manyan masana'antun da ke amfani da shi buhu-buhu, su kuwa suna da ƙarfin ɗauka, kuma su ne ke zubar da mafi yawa.

Hujja ta biyu ita ce ƙarfi. Masana suna auna ƙarfin riƙo da wani ma'auni wanda kowane mataki ɗaya a cikinsa ninki goma ne. A kan kalsiyam, EDTA yana wajen 10.7, MGDA wajen 7, asid ɗin lemon tsami wajen 3.5. Wato riƙon EDTA ya fi na MGDA sau dubbai. Wannan ba abin musu ba ne. Tambayar ita ce ko wankin kwano yana bukatar wannan ƙarfi duka. Ba a ɗauko gatari don yanka albasa. Ƙari a kan haka, ruwan yankin Ashanti galibi ba mai yawan kalsiyam ba ne, sabulu yana kumfa a cikinsa ba wahala. Yawancin tsarin haɗin da ake koyarwa an kwafo shi ne daga ƙasashen da ruwansu ke da nauyin ma'adinai, aka ci gaba da zuba EDTA don an ga haka aka rubuta.

Hujja ta uku ita ce rana. Idan EDTA ya kama baƙin ƙarfe, hasken rana yana iya wargaza shi, Afirka kuwa ba ta rasa rana ba. Haka ne, amma sai hasken ya ratsa ruwan. Ruwan kwata mai duhu da kogin da galamsey ya mayar kamar kunu ba sa barin haske ya wuce saman su. Wanda ya kama tutiya ko nikel ko kalsiyam kuma hasken ba ya yi masa komai.

Hujja ta huɗu ta fi sauran kaifi: birnin da bai gama da shara da bayan gida da zaiba ba, ina shi ina damuwa da ɗan garin da ke cikin shamfu? Gaskiya ne EDTA ba shi ne babbar cutar rafin Aboabo ba, kuma duk wanda ya ce cire shi zai tsarkake rafin ya yi ƙarya. Amma gina matatar ruwan datti ga birni kamar Kumasi aikin shekaru ne da kuɗi masu ɗimbin yawa, canza sinadari ɗaya a jerin kayan haɗi kuwa aikin takarda ne da shawara. Kuma ranar da aka gina matatar, EDTA zai ratsa ta ya wuce, mai ruɓewa kuwa a nan zai ƙare. Abin da ya fi sauƙin gyarawa ba a jinkirta shi don akwai wanda ya fi shi wuya.

Akwai kuma gargaɗin da masu goyon bayan canjin ya kamata su riƙe, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. An taɓa ɗaukar NTA a matsayin magajin EDTA saboda yana ruɓewa, daga baya hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar ga ɗan'adam. Sannan madamƙi mai ruɓewa shi ma yana ɗaga ƙarfe muddin bai ruɓe ba, har ana amfani da EDDS da gangan wajen wanke gurɓatacciyar ƙasa. Bambancin shi ne nasa riƙon na kwanaki ne ko makonni, daga nan ya saki ƙarfen ya koma laka. Ruɓewar ma tana bukatar iska da ƙwayoyin bakteriya, saboda haka a kwatar da ta toshe ta daina gudu za ta yi jinkiri. Canza sinadari ba ya ɗauke wa kowa nauyin yashe kwata.

Haka nan ba kira ake yi a haramta EDTA baki ɗaya ba. A asibiti yana da gurbin da ba a wasa da shi, domin da wani nau'insa ake ciro dalma daga jinin wanda ta yi wa yawa. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, wani madamƙi mai suna DMSA ne ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta riƙa ba yaran da suka rage. Abin da ake amfani da shi a magani da ɗakin gwaji kaɗan ne. Maganar tana kan tan-tan ɗin da ake zubarwa a kwata don wanke bene da kwalba.

Abin da ya kamata a yi

Gana ta taɓa yin irin wannan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma man dizal mai yawan farar wuta wanda ba za a iya sayar da shi a Turai ba. A 2017 Gana ta rage iyakar daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Darasin a fili yake: kayan da wata kasuwa ta ƙi, kasuwar da ba ta sa ƙa'ida ba yake nufa. Yayin da kamfanonin Turai ke cire EDTA daga kayansu, ba za a rasa mai neman inda zai sauke nasa da rahusa ba.

Hukumomi uku ke riƙe da mabuɗin. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba ikon rajistar kayan shafe-shafe da sinadaran amfanin gida, tana iya tilasta a rubuta sunan madamƙin da ke cikin kowane kaya, ta kuma sa wa'adin janye marasa ruɓewa daga sabulun wanki. Hukumar Ƙayyade Ingancin Kayayyaki tana iya shigar da sharaɗin ruɓewa cikin ma'aunin sabulu. Hukumar Kare Muhalli kuma tana iya tambayar kowace masana'anta, kafin ta sabunta mata izini, da wane madamƙi take wanke tankunanta. Rage harajin shigo da masu ruɓewa zai cike wani ɓangare na giɓin farashi.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana cikin Kumasi, rafin Wiwi ma ta harabarta ya bi. Aikin da ya dace da ita shi ne ta riƙa auna EDTA a Aboabo da Subin da Oda rani da damina, ta kuma gwada tsarin haɗin sabulun ruwa da ruwan famfo da na rijiyar burtsatse na Kumasi, ta fitar da wanda ya yi aiki da gishirin lemon tsami ko GLDA a farashin da ƙaramar mai sana'a za ta iya.

Daga nan sai saƙon ya isa Zango da harshen da Zango ke ji. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, da ƙungiyoyin da ke koya wa mata da matasa haɗa sabulu, su ne ke yanke shawarar abin da ke shiga takardar koyarwa. Wadda aka koya wa da EDTA da shi za ta ci gaba, ta kuma koya wa 'yarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidajen rediyon da ke watsa shiri da Hausa a Kumasi, da fadar Sarkin Zango, da dillalan sinadarai na kasuwa waɗanda su ne malaman farko na mai saye, kowanne yana da rawar takawa. Nan ne kuma ɗalibin Hausa yake da aiki, domin bayanin da ya tsaya a Turanci ba zai wuce ofis ba. Sai an samu masu iya cewa "madamƙi mai ruɓewa" su kuma bayyana shi da misalin tsamiya da awartaki kafin mai sana'a ta san abin da take zaɓa.

Kammalawa

Kafin a san EDTA, matan wannan yanki suna dafa sabulun salo, wanda mutanen Ashanti ke kira alata samina, da tokar ɓawon koko da na ayaba da man kaɗanya ko man ƙwarar manja, kuma har yau ana fitar da shi zuwa Turai da Amurka. Ba a cewa masana'antar zamani ta koma ga tukunya da toka, domin aikin tankin kamfani ba na tukunyar gida ba ne. Abin da tsohuwar sana'ar ta cika, wanda sabuwar ta sake, shi ne sharaɗi ɗaya: abin da aka yi wanki da shi ya ƙare idan wankin ya ƙare. Ilimin sinadarai na yau ya samar da madamƙan da suka cika wannan sharaɗi, an san sunayensu, an san farashinsu, an san iyakar ƙarfinsu. Abin da ya rage shi ne hukuma ta sa ƙa'ida, jami'a ta gwada da ruwan Kumasi, masu koyar da sana'a su gyara takardunsu. Mai lambun da ke ɗibar ruwa a ƙasan Aboabo da yaron da ke shan famfo a Obuasi ba su da hannu a zaɓen abin da ake zubawa a sabulu, amma su ne ke karɓar sakamakonsa.